Ɗakunan dutse na bakin Titin 66 da yanda ake tada tsohon masauki

A jihar Mizuri ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan ƙaramin gari da ake ce wa Cuba, ba ƙasar su Castro ba fa, gari ne na mutum dubu uku da ɗoriya, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Sen Luwis in ka hau babbar hanya mai lamba 44 ka nufi kudu maso yamma. Ta gabashin garin, a bakin tsohon Titin 66, akwai wani masauki mai suna Wagon Wheel Motel, kuma gaskiya cikin duk tsofaffin gine-ginen da naga an gyara a ƙasar nan kaɗan ne suka kwanta min a rai kamarsa.

Bawai wani dogon bene bane. Ƙananan ɗakuna ne na dutse a warwatse cikin fili mai ciyawa da manyan bishiyoyi, kowane gini da rufinsa mai tsini, an zagaye ƙofofi da tagogi da ado na magini, ka faka motarka dab da ƙofarka ka sauke kaya, da yamma kuma kowa ya jawo kujera ya zauna waje ana gaisawa da maƙwabcin da baka taɓa gani ba kuma gobe da safe kowa zai kama gabansa. Ni sana'ata gini ce, a gida na gaje ta wajen Baba, kuma a nan Sen Luwis abun da nake ci da shi shine cike tsakanin jan bulo na tsofaffin gidaje, dan garin kusan duk da jan bulo aka gina shi kuma kwaɓin da ke tsakani yana zubewa da shekaru, so aikin baya ƙarewa. Shiyasa in na shiga waje irin wannan ba gado nake fara dubawa ba, bango nake dubawa, kuma bangon Wagon Wheel ya gaya min cewa mutanen da suka gyara shi sun san abun da suke yi.

An fara ginin wajen ne a tsakiyar shekarun 1930. Wasu ma'aurata Robert da Margaret Martin ne suka sa aikin, maginin kuma sunansa Leo Friesenhan, ya yi amfani da dutsen yankin, irin dutsen yashi na tsaunukan Ozark mai launin ƙasa-ƙasa da ja-ja. Da farko gidan abinci ne da gidan mai a gaba, ɗakunan kwana a baya, kuma tun 1938 ake kwana a wajen har yau ba a taɓa rufewa gaba ɗaya ba, wanda a Titin 66 wannan ba ƙaramin abu bane. Allon sunan mai wutar niyon, wato fitilar bututun gilashi mai haske kala-kala, da ke bakin titi na 1947 ne. A 2003 aka saka wajen cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa.

Dan wanda bai san Titin 66 ba, hanya ce da aka buɗe a hukumance a watan Nuwamba 1926, ta taso daga Shikago ta ratsa jihohi takwas ta dire bakin teku a Kalifoniya, kusan kilomita 3,900. A garin Springfield na nan Mizuri aka tsaida lambar 66 ɗin, a watan Afrilu na wannan shekarar, su Cyrus Avery na Tulsa da John Woodruff, masu fafutukar samar da hanyar, ne suka yi aikin. Lokacin fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 ta nan manoman Oklahoma da maƙwabtansu suka ɗaure katifu a saman mota suka gudu yamma neman aiki, bayan yaƙin duniya na biyu kuma da kuɗi ya shigo hannun mutane sai ta koma hanyar yawon hutu. To duk wannan jama'ar sai sun kwana wani waje. Otal na cikin gari yana da tsada kuma sai ka ratsa zaure cike da masu kwat da ƙurar hanya a jikinka ga yara suna kuka, shine manoma da masu gidan mai na bakin hanya suka fara kafa 'yan ɗakuna a filinsu, miji yana sayar da mai yana gyaran taya, mata tana girki da wankin zanin gado, yara suna shara. Kowa da abun da ke kusa da shi yayi gini, mai dutse da dutse, mai katako da katako, mai ƙasa da ƙasa, dan ba wanda ke da kuɗin ɗauko kaya daga nesa. Abun da yau ake biyan kuɗi a zo a gani ana cewa ado ne na gargajiyar yanki, a lokacin talauci ne da dabara suka kawo shi.

Sai 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi masu layi-layi da basa shiga cikin gari. Kafin nan a 1952 an buɗe Holiday Inn na farko a Memphis, irin otal ɗin da ko wane gari kaje ɗakin iri ɗaya ne, kuma matafiyi a gajiye yana son abun da ya riga ya sani. Gari bayan gari sabuwar hanya ta kewaye su, akwai wuraren da ranar da aka buɗe ta a ranar motoci suka ɗauke daga tsohon titin, mai masauki ya zauna ƙofa yana jira shiru. A 1985 aka cire Titin 66 daga jerin hanyoyin tarayya gaba ɗaya.

Da yawansu basu tsira ba. Nan kusa da mu a Sen Luwis akwai Coral Court da aka gina farkon shekarun 1940, ɗakuna masu lanƙwasassun kusurwa na bulo mai sheƙi launin zuma da bulon gilashi, kowane ɗaki da garejinsa, tsofaffin maginan da nake aiki da su har yau in suka tuna shi sai sun girgiza kai. Yana cikin kundin tarihi na ƙasa amma wannan bai hana komai ba, dan kundin baya ɗaure hannun mai fili, a 1995 aka rushe shi aka yi rukunin gidaje. Gaban ɗaki ɗaya kawai masu sa kai suka kwance bulo bayan bulo suka sake ginawa a gidan tarihin sufuri. In kuma ka wuce Cuba ka wuce Rolla akwai John's Modern Cabins, ɗakunan gungumen itace na shekarun 1930 da aka bari cikin daji, rufi ya rufta bishiya ta fito ta tsakiya, su ba wanda ya rushe su, ruwan sama ne kawai da rashin mai kula.

Wagon Wheel ɗin ma ya kusa. Zuwa shekarun 2000 ya tsufa ya zama wajen kwana mai arha, sai a 2009 wata mata ta saye shi ta fara gyara, kuma yanda ta bi abun shine ya burge ni, bata rufe wajen ta kawo katafila ba, gini-gini aka riƙa bi ana gyara wannan ana karɓar baƙi a wancan. Ƙofofin katako da tagogi da daɓen katako inda zasu gyaru an bar su an gyara, abun da aka canza shine wanda ido baya gani da wanda jiki ke buƙata, wayarin, bututun ruwa, banɗaki, katifa, esi, intanet. Tsohon gidan abincin ya koma ofis da shagon tsaraba.

Bari in tsaya kan bango tunda nan ne nafi sani. Babban abun da ke kashe tsohon ginin dutse a ƙasar sanyi ba tsufa bane, gyaran gaggawa ne. Maginan da suna sa farar ƙasa sosai a kwaɓinsu, sai kwaɓin ya zama yafi dutsen laushi, danshi in ya shiga bango ta tsakanin duwatsun yake fita, in ginin ya ɗan motsa kwaɓin ne ke tsagewa ba dutsen ba, kuma haka ake so dan kwaɓi ana sake shi, dutse in ya fashe shikenan. To sai wani yazo da buhun siminti mai ƙarfi na zamani ya cike ko ina ya shafe yayi kyau a hoto. Damina ta wuce ruwa ya shiga ta wata 'yar kafa bai samu hanyar fita ta simintin ba sai ya zauna cikin dutsen, dutsen yashi kuwa yana shan ruwa, hunturu yazo ruwan ya daskare, kuma ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya narke ya sake daskarewa ya narke, haka ake yi ta yi a Mizuri daga Disamba zuwa Maris, bayan 'yan shekaru sai kaga fuskar dutsen tana ɓarewa tana zubowa ƙasa, layin simintin kuma yana nan tsaye ƙyam ya fito waje shi kaɗai. Wallahi in naga haka raina ɓaci yake, dan ginin da ya shekara tamanin lafiya mutum ɗaya da cokalin gini ya gama da shi cikin sati biyu.

Aikin gaskiya a hankali ake yinsa. Zaka kankare tsohon kwaɓin da ya mutu da ƙaramin cizal, zurfin kamar ninki biyu na faɗin layin ko ɗan fi, ka guji sa injin gurza inda zai ci gefen dutsen, ka busa ƙurar ka jiƙa ramin dan kar dutsen ya tsotse ruwan sabon kwaɓin kafin ya kama, sannan ka riƙa dannawa kaɗan-kaɗan hawa-hawa kana barin kowane hawa ya ɗan yi tauri har in ka danna babban yatsa ya bar shaida amma bai manne ba. Yashin ma sai an nemo wanda yayi kala da na asali, dan kalar kwaɓi daga yashi take, mu kan fasa guntun tsohon kwaɓi mu wanke mu shanya mu ajiye kusa da samfurin yashi uku ko huɗu a rana mu kwatanta. Bayan an gama a rufe da jiƙaƙƙen buhu kar rana ta busar da shi da wuri. A yankin Ozark akwai wani salon gini da ake manna faffaɗan duwatsu a tsaye da kauri-kaurin layi a tsakani, wani lokaci a shafa wa layin fenti fari ko baƙi, mutanen wajen suna kiransa ginin raƙumin dawa saboda zanen jikin, zaka gansu jere a bakin titin daga Sullivan har Springfield, kuma irinsa in baka iya bin layin yanda mai shi na farko ya bi da hannunsa ba, daga nesa za a gane inda ka taɓa.

Sauran aikin ba mai daɗin faɗa bane amma shi ke cin kuɗin. Bututun ƙarfe na da ya yi tsatsa ta ciki har ramin ya tsuke, ka buɗe shawa ruwa na ɗiga. Wayarin na zamanin da ɗaki ke da ƙwan fitila ɗaya da rediyo, yau baƙo na zuwa da waya da kwamfuta da abun busar da gashi. Fentin da aka shafa kafin 1978 akwai yiwuwar yana da dalma, ba a kankare shi haka kawai ƙura na tashi, akwai ƙa'ida. Ga banɗakin ƙarami ne sosai, kuma dole a samar da ɗakin da mai keken guragu zai shiga bisa dokar 1990, a ginin da bangonsa dutse ne mai kauri. Duk wannan baƙo bazai gani ba, shi dai ya buɗe famfo ruwan zafi yazo. Kuma ni ina ganin nan ake gane mai gyaran gaske, wanda ya yarda ya binne mafi yawan kuɗinsa a ƙarƙashin daɓe ya bar tsohuwar ƙofa da ɗan karcenta.

Dan akwai wani salon da na tsana. Na taɓa kwana wani masauki a hanyar nan, can gaba, an cire duk tagogin katako an sa na roba, an shafe bangon dutsen da fenti toka, sannan aka cika ɗakin da allunan gwangwani masu lamba 66 da hotunan 'yan fim na da da 'yar motar roba a kan tebur, ka juya bayan allon kaga daga wata masana'anta ta wata nahiya aka yo shi, kuma irinsa sak yana rataye a shago ɗari daga Ilinoi zuwa Arizona. Ba abu ɗaya a ɗakin da zai gaya maka wane gari kake. An zubar da abun da wajen yake da shi wanda ba kowa ke da shi ba, an sayo wanda kowa ke da shi. Ga famfon banɗakin yana yoyo duk dare.

Ka kwatanta da Boots Court a garin Carthage, yamma da Springfield. Arthur Boots ya gina shi a 1939, fari ne fes mai lanƙwasassun kusurwa da koren niyon a gefen rufi, tallarsa a lokacin shine kowane ɗaki akwai rediyo. A ƙarshen shekarun 1970 aka ɗora masa rufi mai tsini dan maganin yoyo, wanda ya ɓata fasalinsa gaba ɗaya, farkon shekarun 2000 kuma saura ƙiris a rushe shi a gina kantin magani, mutanen gari suka tashi suka ce basu yarda ba. A 2011 wasu mata biyu ya da ƙanwa suka saye shi, kuma cikin manyan abubuwan da suka yi harda cire wancan rufin da aka ƙara, wato kashe kuɗi dan a rage abu ba a ƙara ba. Suka maida ɗakunan yanda suke a ƙarshen shekarun 1940, da rediyo a gefen gado ba talabijin. Wannan shawara ce mai wuya ga mai kasuwanci dan akwai baƙon da zai juya ya tafi, amma wanda ya kwana bazai manta a ina ya kwana ba.

Blue Swallow da ke Tukumkari a Niyu Meziko kuwa kusan kowa ya san hoton allonsa, tsuntsuwa shuɗiya da niyon. An gina shi wajen 1939 zuwa 1940, kuma wata mata Lillian Redman ta riƙe shi daga 1958 har kusan shekara arba'in, ta shahara da cewa in matafiyi bashi da kuɗi ta kan karɓi wani abu daga kayansa ko ma ta bar shi ya kwana haka. Garejin da ke tsakanin ɗakunan suna nan, tsofaffin wayoyin tarho masu juyawa suna nan. Niyon ɗin nan ba abun wasa bane fa, bututun gilashi ne da mutum ke lanƙwasawa da hannu a kan wuta yana hura iska ta wani siririn tiyo dan kar ya lotse, iskar niyon ce ke bada ja mai ruwan lemo, shuɗin kuma iskar agon ce da ɗigon zaiba, taransifomarsa na iya kai bolt 15,000. Masu wannan sana'ar sun ragu sosai kuma yawancinsu sun manyanta. A 2023 ruwan ƙanƙara ya farfasa niyon da yawa a Tukumkari, kuma duk sanda haka ta faru sai an ce to me zai hana a sa fitilar roba ta zamani mai kama da shi, tafi arha tafi ƙarko. Daga nesa zata iya yaudararka, ka matso kusa kaga hasken daban ne, kuma duk allon da aka maida na roba an rage wa mai lanƙwasa gilashi aiki ɗaya, sai yaron da zai koya ma ya fasa.

Na birnin Albukarki a Niyu Meziko ɗin, El Vado, labarinsa ya ɗan bambanta dan hukuma ce ta shiga. Wani ɗan asalin Ailan, Daniel Murphy, ya gina shi a 1937 da fasalin gidajen ƙabilun Pueblo, 'yan asalin yankin, bango mai laushin kusurwa, shimfiɗaɗɗen rufi, kawunan gungumen itace sun leƙo waje, duk wanda ya tashi cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram yaga wannan sai ya tuna soron tubali da azara. An rufe shi a 2005, wanda ya saya yaso ya rushe ya gina gidaje, aka yi ta shari'a da rigima, birnin ya saye shi a 2010, sai 2018 aka sake buɗewa. Ɗakuna 22 suka rage na kwana, sauran aka maida ƙananan shagunan abinci da na sana'a na 'yan gari, tsakar filin da ada motoci ke fakawa ya zama wajen zama. Wasu masu son tarihi basu ji daɗi ba dan mota bata shiga kuma. Ni ina ganin an yi daidai, saboda yanzu 'yan Albukarkin da kansu suna zuwa cin abinci da yamma ba sai baƙi ba, kuma ginin da 'yan gari ke shiga shi 'yan gari ke karewa in wata rana wani ya sake zuwa da maganar rushewa.

Maganar kuɗi kuma, ba wanda ke arziki da masauki mai ɗaki goma sha ko ashirin wanda kasuwarsa daga bazara zuwa kaka ce, hunturu wasu rufewa suke. Abun da ke taimakawa shine in ginin na cikin kundin tarihi kuma aka bi ƙa'idar gyara ta ma'aikatar cikin gida, akwai rangwamen harajin tarayya na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran, jihar Mizuri ma tana da nata a kai. Sannan tun dokar 1999 hukumar gandun daji da wuraren tarihi ta ƙasa ta riƙa bada ƙananan tallafi na musamman ga gine-ginen Titin 66, irin na ka kawo rabi mu kawo rabi, da shi aka gyara rufi da alluna da dama. Ƙa'idar tana da takura, bazaka wanke dutse da injin feshin yashi ba, bazaka canza taga yanda kaga dama ba, masu gida suna ƙorafi da cike-ciken takardu, amma ni da nake ganin ɓarnar da ake yi inda ba ƙa'ida ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Baƙin da ke riƙe wuraren nan kuma da yawansu daga waje suke, Jamusawa da Faransawa da 'yan Holan da Japanawa, wasu a kan manyan babura, sun tsallako teku ne dan su kwana a ɗakin da babu irinsa a garinsu.

Akwai wani ɓangare da ba kasafai ake sa shi a takardar talla ba, kuma ni a matsayina na baƙar fata bazan iya zama a ƙofar irin ɗakin nan in manta da shi ba. Zamanin da ake kira na zinariya na wannan titin, iyali baƙaƙe in suka taso daga Shikago zuwa Kalifoniya mafi yawan masaukan bakin hanya basa karɓarsu, akwai garuruwan da baƙar fata bai isa rana ta faɗi yana ciki ba. Sai su ɗauko abinci da bargo da galan na mai a but, uba ya tuƙa dare da rana dan ba inda zai tsaya. Wani ma'aikacin gidan waya na unguwar Harlem a birnin New York, Victor Green, daga 1936 ya riƙa buga ɗan littafin jagora da ake kira Green Book mai jera wuraren da baƙaƙe zasu iya kwana ko cin abinci, har tsakiyar shekarun 1960. Sai dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana wannan wariyar, kuma shari'ar da ta tabbatar da ita a kotun ƙoli a watan Disambar shekarar akan motel ce, Heart of Atlanta, da mai shi yace shi bazai karɓi baƙaƙe ba. A Springfield wata mata Alberta Ellis ta buɗe otal dan baƙaƙen matafiya a shekarun 1950, yau ginin babu shi. A Luther ta Oklahoma gidan man iyalin Threatt, wanda suma da dutsen yashin yankinsu suka gina, yana nan ana gyara shi kuma har yau a hannun zuri'arsu yake. In za a ce masauki ya nuna halin garinsa to wannan ma halin garin ne, kuma ina so in ga an rataye shi a bango kusa da hotunan tsofaffin motoci, ko da takarda ɗaya ce a firam da ke cewa waye ke iya kwana a garin nan a 1950 kuma waye baya iyawa.

Haka kuma shekarun da ba mai son wuraren nan, daga 1970 zuwa sama, da yawansu Indiyawa 'yan Gujarat ne suka saye su suka zauna ciki da iyalansu suna shara da wanki da kansu, da basu riƙe ba da rufin ya daɗe da ruftawa, amma wasu maƙwabtansu suka riƙa kafa allo wai nasu na ɗan ƙasa ne dan su janye baƙi. Sannan akwai talakawan da ke biyan kuɗin sati-sati suna zaune a irin ɗakunan saboda basu da kuɗin kama haya, ranar da aka fara gyara su ake fara cewa su tashi. Gyaran dole ne, ban ce a bari gini ya ruɓe ba, amma mai saye ya basu lokaci ya haɗa su da masu taimakon gidaje, kar a tashi mutum da yaransa cikin Janairu dan ana sauri a buɗe kafin bazara.

Saurin nan shine abun da ke damuna yanzu. 2026 titin ke cika shekara 100, jihohi da dama cikin waɗanda ya ratsa sun kafa kwamitoci, kuɗin tallafi ya ƙaru, mutane suna ta sayen tsofaffin masaukai kowa na so ya buɗe akan lokaci, alhali kwaɓin farar ƙasa baya kamawa da kyau in sanyi yayi yawa, daga ƙarshen kaka ajiye cokali ake sai bazara sai dai in zaka rufe bangon ka sa hita. Duk wanda ɗan kwangila yace masa zai gama cike bangon dutse gaba ɗaya cikin hunturu a farashi mai sauƙi, ya tambaye shi wane kwaɓi zai sa, kashi nawa farar ƙasa kashi nawa siminti, daga ina yashin, kuma yace ya fara yin gwaji a ɗan wuri ta bayan gini a bar shi ya bushe a duba kafin a taɓa gaba.